Rabin Awar Da Na Kusa Hana Ta

Na ga yadda ake jarrabawa a Yamai, na gani a Khartum, amma ranar jarrabawar lissafi a wata makaranta kusa da Gwiwa ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Bayan na yi ritaya ne aka roƙe ni in taya sa ido. Cikin ɗaliban akwai wata yarinya da shan inna ya taɓa mata hannun dama. Da hagu take rubutu, a hankali kamar mai ɗinkin hula. Takarda ta zo cewa a ƙara mata rabin awa. Lissafin nan kuwa shi zai shigar da ita makarantar koyon jinya, ko ya hana ta.

Maigadi ya buga ƙarfe, sauran ɗalibai suka fita. Ni kuwa na zo na tsaya a kanta, agogo a hannu, ina ji da kaina, wai haka na ga ana yi a waje. Ba a yi minti biyu ba ta miƙe, ta rusuna, ta miƙo mini takardar.

"Baba, na gama."

Na duba, tambayoyi uku ko taɓa su ba ta yi ba.

"Kin gama ina? Ai da sauran lokacinki."

Ta sunkuyar da kai. "Ba komai, Baba."

Malamar da muke aikin tare ta ja ni gefe. "Alhaji, duk Faransancinka da Larabcinka ba ka gane ba? Wace 'yar mutunci ce a garin nan za ta zauna tana rubutu, dattijo na tsaye yana jiranta? Kai ne matsalar."

"To yanzu ya zan yi?"

"Ka je ka zauna. Ni zan duba agogon."

Na mayar mata da takardarta, na koma bayan aji, na tuɓe takalmi, na miƙe ƙafa a kan benci, na ce da ƙarfi, "Wash, bayana! 'Yata, don Allah kada ki yi sauri, ki bar tsoho ya ɗan huta."

Ta yi murmushi, ta koma ta ɗauki biro. Sai da ta cinye lokacinta tas, ta amsa duka ukun. Malamar ta rantse har minshari ta ji na yi, ni kuwa har yau ina musu.

Ranar na koyi cewa ƙara wa mutum lokaci a takarda bai isa ba. Sai ka tashi daga kansa, ka bar shi ya yi amfani da haƙƙinsa ba tare da jin kunyarka ba.