Ƙullutun da Na Ɓoye

Shekaru kan goge abubuwa da yawa daga zuciyar mutum, amma wannan da zan ba ku labari, ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zai bar ni. Ya faru ne a shekarar da sojoji suka sake miƙa mulki ga farar hula. Lokacin muna haya a wani gida mai sassa biyu a Gyaɗi-Gyaɗi, ina koyarwa a wata firamare a Tarauni, maigidana kuma yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. 'Ya'yanmu uku, babbarsu mace ce, ko firamare ba ta gama ba.

Wata safiya ina wanka, ina sauri kada in makara, sai hannuna ya taɓa wani abu a nonona na hagu. Ɗan ƙullutu ne, bai wuce ƙwayar gurjiya ba, kuma ba ya ciwo. Na tsaya da soso a hannu har kumfa ta fara bushewa a jikina. Na sake taɓawa, yana nan. Nan take na san abin da nake tsoro. Ciwon daji ne ya yi ajalin mahaifiyata, a nono ya kama ta, kuma ni na yi jinyarta ina budurwa. Na ga yadda ya cinye ta a hankali har ta koma ba ta iya ɗaga kofi.

Ban gaya wa kowa ba. Yanzu idan na tuna nakan yi mamakin kaina, malamar makaranta guda, mai koya wa yara tsafta da kiwon lafiya. Amma a lokacin ji nake muddin ban furta ba, abin bai tabbata ba. Kullum bas ɗin da nake shiga sai ta wuce ta gaban asibitin koyarwa, ni kuwa da mun doso ƙofar sai in kau da kai, in ƙura wa ƙeyar kwandasta ido har mu wuce.

Gari kuwa ba a maganar komai sai siyasa. Maigidana ba ya rabuwa da rediyo. Da yamma abokansa su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, wannan ya ce sojoji za su sauka, wancan ya ce wallahi yaudara ce, sai an gani. Ina jiyo su daga kicin, ina juya miya, ina tambayar kaina ko zan ga shekarar farko ta wannan mulkin da suke ta musu a kai. Abinci ya daina wuce mini. Barci ya zama sai ɓarawo. Zanina ya fara yi mini yawa. Wata rana a aji na ɗaga alli zan yi rubutu, sai na tsaya ƙiƙam, na manta darasin da nake yi, har yara suka fara ƙus-ƙus. Idan maigidana ya tambaye ni ko lafiya, sai in ce zafin gari ne.

Daga nan na shiga shiri irin na mai barin gida. Na fara rabar da atamfofina, wannan ga ƙanwata, waccan ga maƙwabta. Na tasa 'yata a gaba sai ta koyi girki, wanki, har da yi wa ƙannenta wanka. Yarinyar da ya kamata tana waje tana wasa da ƙawayenta, na tsare ta gaban murhu. Kuma ba da lallashi nake koya mata ba, da tsawa nake yi, saboda gani nake lokaci yana ƙure mini.

Wata ranar Juma'a da yamma ta tuƙa tuwo ya yi gudaji. Na fizge muciyar daga hannunta, na yi mata faɗan da bai dace da laifin ba. Ta tsaya hawaye na zuba, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, sai ta ce, "Umma, me ya sa kike so in iya komai yanzu-yanzu? Tafiya za ki yi ki bar mu?"

Na shige ɗaki na zauna a bakin gado. Ashe maƙwabciyarmu ta ɗaya sashen ta ji komai ta kan katanga.

Wannan mata Kirista ce 'yar kudu, ta daɗe a Kano har Hausa ta zauna a bakinta. Mijinta yana sayar da kayan gyaran mota, ita kuma tana da ɗan shagon kayan masarufi a jikin gidan. Maman 'Yan Biyu kowa ke kiranta. Mace ce mai dariya, idan ta ƙyalƙyale har bakin titi ana ji, kuma ba ta wanki sai da waƙa. A kwanakin nan waƙar tata har haushi take ba ni. Nakan ce a raina, wannan ba ta san damuwa ba.

Washegari da hantsi ta leƙo ta ce in zo tana son ganina. Da na shiga ɗakinta sai ta tura ƙofa ta sa sakata. Ta ɗauko atamfar da na ba ta, tana nan a ninke yadda na kai mata, ta ɗora mini a cinya.

"Malama, ungo zaninki. Ni ba na cin gadon mai rai."

Na yi dariyar yaƙe na ce ai kyauta ce kawai. Ta girgiza kai.

"Kin rame. Kina rabar da kaya. Kina koya wa ƙaramar yarinya girki tana kuka. Kuma na lura, kina tsaye ma hannunki yana nan." Ta nuna ƙirjinta na hagu. "Tun yaushe kika ji shi?"

Na miƙe zan fita, ta ce in tsaya in ga wani abu. Sai ta ɓalle maɓallan rigarta, ta zaro wani ƙyalle da aka naɗe kamar ƙwallo daga gefen dama, ta ajiye a kan tebur. Inda nono ya kamata ya kasance babu komai, sai wani dogon tabo da ya miƙe har hammata.

Shekaru muna katanga ɗaya da matar nan, muna aron turmi da gishiri, ban taɓa sani ba.

"An cire shi tun 'yan biyu suna rarrafe," in ji ta. "Yau ga su nan sun fi ni tsawo. Na ji tsoro, Malama, tsoron da ya sa na yi fitsari a zaune a gaban likita. Amma na je da wuri. Ke me kike jira?"

A nan abin da na daɗe ina dannewa ya ɓalle. Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, na gaya mata komai, har da yadda mahaifiyata ta ƙare. Ba ta ce mini in yi shiru ba, ba ta kuma ce babu komai ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta tambaya, "Baban yara ya sani?" Na ce a'a. Ta ce, "Yau zai sani. Ran Litinin kuma asibiti, ƙafata ƙafarki. Shagon ya zauna a rufe."

Faɗa wa maigidana ya fi mini komai wuya. Bayan la'asar na same shi a tsakar gida da rediyonsa a kunne. Na zauna kusa da shi. Sai da na yi ta kewaye-kewaye kafin maganar ta fito. Ya kashe rediyon, ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Wallahi na zaci wani laifi na yi miki," ya ce. "Na yi ta binciken kaina ban gano ba. Ashe wannan kike ɗauke da shi, ni ina ƙofar gida ina musun siyasa? Haba Malama. Ni ba mijinki ba ne?"

Ranar Litinin mu uku muka tafi. Tazarar ba ta da yawa, amma da muka iso ƙofar asibitin sai na ja na tsaya. Na ce mu koma, gobe ma rana ce. Maman 'Yan Biyu ta riƙe mini hannu tamau, ta ce, "Goben nan kika yi ta yi har kika koma haka." A kan bencin jira duk wadda aka kira sai in ji kamar zuciyata za ta fito ta baki. Likitar da ta duba ni mace ce mai sanyin murya. Ta ce ba za ta iya cewa komai ba sai an cire ƙullutun an kai shi gwaji. Bayan 'yan kwanaki aka yi mini ƙaramin aiki, aka ce mu dawo idan sakamako ya fito.

Ba zan ce tsoro ya tafi a zaman jiran nan ba. Yana nan daram, wani lokaci ina cikin salla zai taso mini har in rasa raka'ar da nake. Sai dai ya canza nauyi. Idan ya taso, akwai wanda zan ce wa ya taso. Maigidana ya koma dawowa gida da wuri, yakan zauna kusa da ni ko ba mu ce komai ba. Na zaunar da 'yata na gaya mata ba ni da lafiya amma ana yi mini magani, na sallame ta daga gaban murhu ta koma wasanta. A cikin kwanakin ne aka rantsar da sabuwar gwamnati. Duk gidan muka taru a gaban talabijin ɗin maƙwabtanmu, ana tsakiyar biki aka ɗauke wuta, mijin Maman 'Yan Biyu ya ɗaga hannu ya ce to, an fara. Na ji kaina ina dariya har da riƙe ciki, ɗinkin yana ja na, ban kuma san abin da gwajin zai ce ba.

Ranar karɓar sakamako ban iya karyawa ba. Likitar ta dube ni ta ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba daji ba ne. Amma saboda tarihin mahaifiyarki, ki riƙa zuwa ana duba ki." Na ji maganar kamar daga nesa, sai da na sa ta maimaita. Maigidana ya dafa bango yana ta alhamdulillahi. Maman 'Yan Biyu kuwa da muka fito muka gaya mata, sai ta ɗaga hannuwa sama ta fara rawa a barandar asibiti tana gode wa Allah da yarenta, har wata nas ta leƙo ta ce a rage murya akwai marasa lafiya.

A hanyar komawa gida na tambaye ta yadda take iya wannan fara'a bayan abin da ya same ta. Ta ce, "Wa ya gaya miki na daina tsoro? Duk ranar da zan je a duba ni, sai ya kama ni. Amma ba zan ba shi sauran ranakun ba."

Ba na cewa darasin shi ne komai yakan ƙare lafiya, domin na san matan da nasu sakamakon bai zo da daɗi ba. Ni Allah ya sassauta mini. Abin da na koya shi ne, ƙullutun bai cutar da ni ko rabin yadda shirun da na yi ya cutar da ni ba, shirun ya kuma taɓa mutanen da nake ganin ina karewa. Tun daga lokacin, idan damuwa ta zauna mini a ƙirji, ba na barin ta ta daɗe ban gaya wa wanda na amince da shi ba. Idan kuma na ga wani ya yi shiru fiye da yadda na san shi, ba na karɓar "lafiya lau" ta farko. Nakan zauna kusa da shi in sake tambaya.