Hoton watan da ya kusa sa Baba Bitrus shuka

Jiya da magariba ina tsugune a bayan gidanmu, ina ɗaure kyamara a bakin na'urar hangen nesa da na saya gwanjo. Ƙafarta ɗaya ma sai an tokare da dutse. Duk da haka jinjirin wata ya fito tsaf, har da ramukansa.

Sai ga Baba Bitrus, maƙwabcinmu, tsohon soja da ke noma a Manga. Na nuna masa hoton, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ya kife. Ruwa ya zo ke nan. Gobe zan fitar da irin dawata."

A wurinsa, in jinjirin wata ya zauna kamar ƙwarya, yana riƙe da ruwa ne, in ya kife kuwa zubarwa zai yi. Irin nan kuma shi kaɗai ya rage masa, don bara gonar ba ta yi kyau ba.

Na ce, "Baba, na'urar ce ke juya hoto, sama ta koma ƙasa. Ɗaga kai ka gani."

Ya ɗaga kai. Wata na nan zaune, bakinsa sama. Ya dube shi, ya dubi na'urar.

Ya ce, "To kai me ka sayo? Abin da bai san sama da ƙasa ba?"

Ya wuce gida, irin kuwa har yau yana nan a rumbu.

Ni dai ban yarda wata na riƙe ruwa ba, amma daga yau sai na miƙe hoto kafin in nuna wa manomi. Ku a wajenku, yaya tsofaffi ke karanta zaman wata?