Ranar da Na Kai Kawun Budurwata Yawon Makabarta

Lokacin da abin nan ya faru, shekarata tara a Paris. Ina lodin kaya a sito na wasu ƴan kasuwar Sin a Aubervilliers, ina kwana a Montreuil. Alhamdu lillahi, ba rashi nake fama da shi ba. Cutata ɗaya ce: alfahari da cewa na san duk inda ake shiga kyauta a birnin. Lahadin da gidajen tarihi ba sa karɓar ko sisi, tudun da ake hango gari ba tare da tikiti ba, famfon da ruwansa ya fi sanyi, duk suna kaina. Abokai na yi mini dariya, ni kuwa ina yi musu kallon wawaye.

A lokacin ina neman auren wata yarinya ƴar Lyon, iyayenta mutanen Maraɗi ne mazauna unguwar Minguettes da ke gefen garin, kuma magana ta yi nisa. Wata rana ta kira ni ta ce kawunta, dattijon da ba a yanke komai a gidansu sai da shi, zai zo Paris na yini ɗaya, wai yana son ganin gari. Sau biyu ta roƙe ni in kula da shi. Ni da wayona, sai na ɗauka nufinta in nuna masa wurare da yawa.

Na tarbe shi a tashar jirgin ƙasa, Alhaji da babbar rigarsa da sandarsa. Na hau da shi matakalar tudun Montmartre da ƙafa, alhali ga ɗan jirgin da ke kai mutane sama a gefenmu. Na nuna masa hasumiyar Eiffel daga nesa, har ina yi masa bayanin cewa hawanta asara ce, tun da wanda ke kanta ba ya ganinta. Da rana na ciro burodi da kifin gwangwani daga jakata, muka ci a kan benci, na tara masa ruwan famfo. Duk abin da na yi sai ya ce madalla, ni kuma kaina na ƙara kumbura. Bayan la'asar na kai shi wurin da nake ganin ya fi ko'ina kyau, wato babbar makabartar da turawa ke zuwa kallo. A bakin ƙofa ya tsaya ya tambaye ni ko ina da wani nawa a kwance a ciki. Na ce a'a, kallo ne kawai, kuma ba a biya. Ya gyara hularsa ya bi ni shiru, leɓɓansa na motsi, ni kuwa ina ta zuba surutu a kan kyan duwatsun kaburbura. Har yau in na tuna, ji nake kamar in mari kaina.

Da muka koma tasha, shi ya saya mana shayi. Kafin hannuna ya isa aljihu ya riga ya biya.

Bayan kwana uku ta kira ni, muryarta a dashe. Kawu ya gaya wa mahaifinta cewa yaron ba shi da mugun hali, amma baƙon da aka kai makabarta kafin a ba shi abinci mai zafi ya san matsayinsa. Ya ƙara da cewa wanda ke ba baƙo abin da bai rage shi da komai ba, matarsa ma abin da za ta samu ke nan. Na aika manya, na ba da haƙuri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Bara aka ɗaura mata aure da wani.

Na daɗe ina jin haushin Alhaji kafin na gane haushin kaina ya kamata in ji. Yawon kyauta ba laifi ba ne in kai kaɗai ne ko da abokanka. Amma ƴan'uwa mazauna Turai, in dattijo ya taso daga gidan da kuke neman aure ya ce gari ya zo gani, ku saka tukunya a wuta, ku buɗe aljihu. Ni Paris na yini ina nuna masa, shi kuwa ni ya yini yana kallo.