Wata Baiwar Allah Daga Gafasa

Kafin Halima Sadiya ta zama Koci ta sayar da turaren wuta, ta sayar da humra, ta yi dillancin atamfa a gidajen bikin Gaya har matan suka gano inda take sarowa. Ta taɓa shiga makarantar ungozoma a Kano, ta dawo tun shekara ba ta zagayo ba. Ita dai ta ce ruwan can ne bai karɓe ta ba. 'Yan ajinsu kuwa jarrabawa suka ce.

Daga baya ta je wani taron bita a birni, ta dawo da gilashi marar magani da sabon suna. Ranar da mahaifiyarta ta ji ana ce mata Koci sai ta ce, "Ke Sadiya, ƙwallo kuma kika koma?"

"Inna, kocin rayuwa. Mata nake saitawa."

"To, Allah ya saita mu baki ɗaya."

Aikin ba wahala. Ta buɗe guruf a WhatsApp, ta tara matan Gaya da Kademi har Ajingi, kullum da safe ta lanƙwasa murya ta saki saƙo: ki san darajarki, ki riƙe burinki. Mai tunanin karɓar aikin koyarwa ta zo, mai tunanin komawa ɗakinta ta zo. Abin da ba wanda ya lura da shi, duk wadda ta bi shawararta tana nan inda take, sai dai ta ƙara buƙatar wata shawarar. Ba wai Sadiya ta zauna ta ƙulla hakan ba ne. Tana cikin mutanen nan da ba sa leƙa cikin ransu, don sun san ba a share ba.

Kubura ta zo mata ranar kasuwa. Matar wani manomi ce a Gafasa mai suna Maiwada, tana ɗan ɗinki a gida. Ta zauna a gefen kujera kamar wadda ta zo asibiti.

"Anti Koci, na samu gurbi a makarantar ungozoma. Maigidan bai sani ba tukuna."

"Tsoronsa kike ji?"

"A'a, ba mugu ba ne. Amma in magana ta fito ta bakin Gwaggo Zuhra da ta rene shi, ba ya musu. So nake ya gama shigar da gero rumbu, hankalinsa ya kwanta, sai Gwaggo ta kira shi kamar ita ce ta ga dacewar abin. Ni dai yadda zan shiga wa Gwaggo nake so ki koya min."

"Wace makarantar ce ma?"

Kubura ta faɗa. Ita ce dai wadda ruwanta bai karɓi Sadiya ba. Koci ta gyara gilashi, ta dubi yarinyar nan mai kaushin ƙafa, ta ce, "Masha Allah. Kada ki damu, sirrinki a rufe yake."

Da safe guruf ya tashi da darasi. "'Yan uwana mata, wata baiwar Allah ta zo min, ba zan faɗi suna ba, amana ce. Daga Gafasa take, tana ɗinki. Allah ya ba ta karatun ungozoma, amma ta kasa kallon idon mijinta, wai sai ta ɓuya a bayan gwaggonsa su yi masa dabara bayan kaka. Haba mata! Sai yaushe za mu waye?"

A birnin Kano, inda aka koya mata salon, "wata baiwar Allah" mayafi ne, yana rufe mutum ruf. A Gafasa mata nawa ne masu keken ɗinki da sakandare, waɗanda gwaggo ta reni mijinsu? Sadiya haifaffiyar Gaya ce, ta san wannan. Ta kuma san wayar matar ƙauye ba tata ce ita kaɗai ba, tana zuwa wurin mai caji, tana kwana a aljihun miji.

Kafin la'asar an kunna saƙon a majalisar bakin masallaci, Maiwada na zaune.

"Mijin likita!" in ji abokinsa Usaini. "Ka fara koyon tuƙa tuwo, mutumina. Ashe geron da kake ta ɗaurewa ƙararrawar tafiyar madam ce?"

Aka yi ta dariya. Da a ɗakin Gwaggo ya ji maganar, da ya sosa ƙeya ya ce to. A gaban maza ya ji ta, an kuma gaya wa duniya cewa shi ne za a yi wa dabara. Ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Ku shaida, in ta taka makarantar nan, a bakin aurenta." Gwaggo Zuhra kuwa da labari ya kai mata, cewa ta yi ita ba ta san zancen ba, kada a sa ta a bakin duniya da tsufanta.

Kubura ta sake dawowa Gaya. Wannan karon ba ta zauna ba.

"Anti, me na yi miki?"

"Subhanallah! Na ambaci sunanki? Ki sake saurara, wata baiwar Allah na ce."

"Har ɗinkin kika faɗa."

"Ke kaɗai ce mai ɗinki a duniya? Ki gane, 'yar uwa, taimakonki na yi. Yanzu ai kin san matsayinki a gidan. Ki zo mu fara zama na musamman, in gina miki ƙwarin gwiwa, ko baɗi..."

"Gurbin ba ya jiran baɗi."

Ta juya ta fita ba sallama, ta tsayar da adaidaita sahun da ya nufi Ajingi. Sadiya ta tsaya a soro tana kallo har ya sha kwana. Ta ji ƙirjinta ya yi sakayau, wani nauyi da ta kwana biyu tana ɗauke da shi ya sauka. Ta ɗan yi tunanin sunan da za ta ba abin, ta ce tausayi ne.