Malmala a Cikin Kwali

Shekara uku na yi ina sayar da tuwo a wata rumfa cikin harabar masu abinci a unguwar Madinat Nasr, yawancin masu saye ɗalibai ne 'yan ƙasarmu da suka zo karatu. Rumfa tawa ce, amma tuƙi na Inna ne, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan da ke zuwa daga unguwar Hadayek el-Maadi kullum da safe. Ba ita ta haife ni ba, haka dai kowa ke kiranta.

Kwatsam masu kula da harabar suka kafa doka: ban da leda, ban da robar zuba abinci, sai kwali ko abin da zai ruɓe in an zubar. Gargaɗi ɗaya suke yi, a na biyu mutum ya kwashe tukwanensa. Ni kuwa na cinye nawa gargaɗin tun makon farko, saboda bakina ba ya iya shiru.

Na je kasuwar Ataba na ɗauko kwalaye. Sai dai tuwo bai san da wata doka ba. In aka kwashe shi da zafi aka sa a kwali, ƙasansa ya manne, samansa ya bushe ya yi ɓawo. Mu kuma malmala a leda muka tashi muka gani.

"Inna, don girman Allah ban da leda," na ce mata.

"To, 'yata, khalas, shi ke nan," ta ce, ba ta ko ɗago kai daga tukunya ba.

Wata Talata da azahar, layi ya kai bakin ƙofa, sai ga matar da ke duba rumfuna riƙe da takardarta. Na yi mata murmushi, don na san ba ni da laifi. Ta ɗauki kwali ɗaya ta buɗe. Malmala ce a ciki, sumul, naɗe a leda. Ta buɗe na biyu, haka. Ashe Inna a jakarta take zuwa da ledar, ta ƙunsa tuwon sannan ta rufa masa kwali.

Rumfar nan ita ce cinmu da shanmu ni da yarana biyu.

"Wa ya ƙunsa wannan?" matar ta tambaya.

Na nuna Inna da yatsa. "Ita ce. Na hana ta, ba ta ji. Tsufa ne ya kama ta." Da Larabci na faɗa, da ƙarfi, gaban ɗalibai, alhali Inna ta fi ni jin Larabci nesa ba kusa ba.

Matar ta yi rubutu, ta ce tun da laifin ma'aikaciya ne, rumfa za ta tsira in ba ta sake ganinta a nan ba. Na ce tamam, na yarda. Wallahi ko numfashi ban ja ba kafin na faɗa, kuma har yau ina jin kunyar wannan saurin.

Inna ta sauke tukunya, ta wanke muciya tas, ta yafa mayafinta.

"Ma'alish, yi haƙuri, 'yata," ta ce. "Yaran nan sun yi nisa da iyayensu. Ban iya miƙa musu busasshen tuwo ba."

Washegari na buɗe rumfa a kan lokaci. Ɗalibai suka yi ta tambayata ina Inna, na ce musu ba ta jin daɗi. Haka na yi ta faɗa har suka daina tambaya.