Kujerar Baba Tauvela

A ɗakin wankin ƙoda na asibitinmu da ke tsibirin Tutuila, can tsakiyar teku a ƙarƙashin mulkin Amurka, kujerata tana dab da ta Baba Tauvela. Sau uku a mako muke zama tare, kowa da allurai a hannu, inji yana juya jininsa. Shi ciwon sukari ne ya cinye masa ƙoda, ni kuwa da lalurar aka haife ni. Yana son hira, ni kuma ba inda za ni, shi ya sa na san tarihinsa fiye da 'ya'yan cikinsa.

Mutumin Ta'u ne, can tsibiran gabas, inda jirgin ruwa ke wuni a hanya kafin ya isa. Da kamun kifi ya tashi, ya yi shekaru yana yankan kifi a kamfanin gwangwani, sannan ya koma gida noman gwaza, ya zama bakin danginsu a wurin biki da makoki. Da ƙafafunsa suka fara kumbura aka kawo shi nan da 'yar jaka ɗaya, wai a duba shi ya koma. Babu injin wankin ƙoda a Ta'u. Tun daga ranar bai sake taka gida ba. A ɗakin baya na gidan ɗan ƙaninsa yake kwana, jikin akurkin kaji.

"Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan teku," yakan ce, "yau ruwan sha ma da murfin kwalba ake auna mini."

Inna Poutoa, tsohuwar da ke kujerar da ke fuskantarmu, ba ta barinsa. "Ai ka sha rabonka tun kana saurayi, kuma ba ruwa ba ne."

"Ke da kin aure ni, da bakin nan ya mutu."

"Da ni na mutu, bakin yana nan."

Cikinmu babu mai biyan wankin nan daga aljihunsa, babu ma mai iyawa. Kuɗin lafiyar talakawa ne da ake aikowa daga Amurka, a haɗa da na gwamnatinmu. Masu yanke shi suna nesa, kujerar da aka ba mu a majalisarsu kuma ba ta da ƙuri'a. A shekarar da nake ba ku labari, aka ce za a rage shi. Aka rufe zaman wankin yamma, majinyata suka fi kujeru yawa, sai doka ta fito: wanda ya bar zamansa ya wuce ba don yana kwance a gadon asibiti ba, za a ba na layi kujerarsa. Aka zo aka ɗauki hotunanmu don a aika da koke. Baba Tauvela ya ce a ɗauke shi ta gefen da ya fi muni, ko za su tausaya.

Ana cikin haka yayarsa Leafine ta rasu a Ta'u. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. A wurinmu kuwa 'yar'uwa ƙwayar idon ɗan'uwanta ce. Shi zai tsaya a ƙofar gida ya karɓi tabarmin girmamawa da dangi ke kawowa, shi zai yi mata jawabin sallama kafin a sa ta a kabari a gaban gida. Muddin yana numfashi, ba a wakiltarsa.

Da Sinalei, malamar jinyar da ke kula da ɓangarenmu, ta zo ɗaura masa allura, sai ya rage murya.

"'Yata, ki riƙe mini kujerata. In je in dawo."

"Baba, yaushe jirgin zai dawo?"

"Idan teku ta yarda."

"To ka ji. Akwai wata mai ƙananan yara a layi, duk jikinta ya cika da ruwa. In kujerar nan ta wuni ba kowa, ba ni da bakin hana ta."

"Bara kin bar wani ya je ɗaurin auren 'yarsa."

"Bara akwai zaman yamma." Ta manna masa filasta. "Kuma kai kanka, in teku ta riƙe ka a can ba wanki, kabari ɗaya za a haɗa ku."

"An rage wa masu haƙa wahala," in ji Inna Poutoa. Ba wanda ya yi dariya, har ita.

Ranar tashin jirgi ya je tasha da tabarmar da ya tanada don sallamar yayarsa. Ban gani ba, shi ya gaya mini. Ya hau matattakalar jirgin yana haki, ya tsaya a sama yana kallon gabas. Sai ya miƙa wa matar ɗan ƙaninsa tabarmar ta kai, ya sauko.

"Ba mutuwa na ji wa tsoro ba, ɗana. Tunawa na yi, in na dawo da rai, a bakin ƙofar nan zan zauna ina jiran ɗayanku ya tafi in samu kujera. Na bi ku ɗaya bayan ɗaya a raina, na rasa wanda zan yi wa wannan fatan. Har waccan mai bakin."

Jana'izar ta faɗo ranar wanki. Ya zo da farar riga da baƙin zane irin na makoki. Aka kira shi a waya daga Ta'u, muka ji waƙar coci sama-sama, muka ji wani ɗan baffansu ya fara jawabin da ba nasa ba, sai layin ya yanke. Aka sake kira bai shiga ba.

Baba Tauvela ya ajiye wayar. Mai jawabi a tsaye yake yi, sai ya yunƙura zai tashi, injin ya hau ƙara. Sinalei ta zo ta danne masa hannu a kan kujerar, ta kuma ƙi tafiya. A kishingiɗe ya fara. Ya jero kirarin garinsu gida-gida, ya kira sunan uwarsu, ya gode wa Leafine da goyo, ya nemi ta yafe masa. Inna Poutoa ce ta amsa masa a madadin dangi, kamar yadda ake yi.

Da ya gama ya juya wajen Sinalei. Sannan ya ce, "'Yata, an ji wani labari kan kuɗin?"

"Har yanzu 'yan majalisar suna zama, Baba."

"To. Saki hannun, ba inda za ni."