Wutar Maƙerar Baffa

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne Sarkin Maƙera a wani ƙauye kusa da Bakura. Talakawan sarautar ba su wuce mutum bakwai ba, amma in ya naɗa rawani ranar Juma'a sai ka rantse ikonsa ya kai Maradun. Abin alfaharinsa wutar maƙera. Ya ce tun kakan kakansa ba a taɓa ƙyasta mata ashana ba, sai dai a binne garwashi a toka, da safe a tona. Na sha tsokanarsa cewa zamanin kakan kakansa ai ashanar ma babu.

Damuwarsa ɗaya ce. 'Ya'yansa maza biyu, ɗaya na gyaran waya a Talata Mafara, ɗaya na kabu-kabu, ba wanda ya iya riƙe awartaki. Ranar da ya kwanta dama, sarautar za ta bar gidanmu.

A makarantar da nake koyarwa akwai wani malami Kirista, abokin shan shayina. Shi ya ba ni labarin cewa a littafinsu Allah ya yi wa wani sarki alkawarin fitilar gidansa ba za ta mutu ba, wato kullum za a sami magaji daga zuriyarsa. Na ɗauko labarin ɗungurungum na kai wa Baffa, wai ni mai lallashi.

Ya saurara yana shafa gemu. Ya tambaya ko fitilar ta kananzir ce, na ce ban bincika ba. Ya tambaya wa ke zuba mata mai, nan ma na ce ban bincika ba.

"To ka jiya," in ji shi. "Alƙawalin Allah gaskiya na, amma sai da hannun da ka zuba mai. Kai ɗan wane gida na?"

Na yi dariya, na ɗauka ramuwar tsokana ce. Sai ya jawo buzu ya shimfiɗa gefen zugazugi.

"Zamna."

Shekarata arba'in da shida, ga farar riga ta sha guga, hannuna kuwa alli kawai ya sani. Na buɗe baki zan kawo uzuri, sai idona ya kai ga hannunsa. Guduma ta fara fin ƙarfinsa, ni ban taɓa lura ba. Kunya ta kama ni, da tausayi.

Na naɗe hannun riga na zauna. Ya ce zugata kamar numfashin tsohuwar akuya, kakanninmu na can suna jin kunya. Yana faɗa yana kallon bango yana goge ido, wai hayaƙi ne.